Tattabarun da Baba ya sha dukana a kansu, su na rubuta a CV a Jamus

Jama'a akwai abin da yake ci mun tuwo a ƙwarya tun watan jiya, na faɗa wa mutum biyu a masallacinmu na nan Essen duk dariya suka yi mun, to bari in rubuta ko na samu sanyi.

Ni ɗan Zariya ne, aikin wuta na karanta, na yi wayarin gidaje a Samaru da Sabon Gari har na gaji. Amma da na zo nan sai ga ni a sito ina ɗaukar kwali a kan mafi ƙarancin albashi, yuro 12.82 a awa a 2025, saboda ba yare kuma takarduna suna wajen tantancewa. Da na gama kwas ɗin Jamusanci, awa 600 na yare da awa 100 na dokoki da tarihinsu, na samu takardar shaidar iya yare ta matakin B1, sai na ce to yanzu kam a koma sana'a. Akwai wata baturiya dattijuwa da take taimaka wa baƙi rubuta takardar neman aiki kyauta, na kai mata CV ɗina na gida, wanda aka buga mun a shagon kwamfuta a Kongo.

Biro ta ɗauka ta fara sokewa. Ƙaramar hukuma ta soke, jiha ta soke, addini ta soke, sunan Kawu da lambarsa da na sa a matsayin mai tsaya mun shi ma ta soke. Ta ce in je a ɗauke ni hoto mai kyau da riga mai kwala. Duk wannan ban damu ba. Da ta zo can ƙasa wajen abubuwan sha'awa, inda aka rubuta karatu da tafiye-tafiye, sai ta cire tabarau ta ce wane littafi na karanta kwanan nan, kuma ina da ina na je. Kun dai san yadda abin yake a gida, mai buga takardar ne yake sa wa kowa haka, ko tambayarka ba ya yi, duk wanda ya yi bautar ƙasa a Najeriya mai son karatu da tafiye-tafiye ne. Ta ce a nan za a tambaye ka a intabiyu fa, ka faɗi abin da kake yi da gaske in ba ka wajen aiki.

Na ce mata zumunci. Na yi mata bayani iya Jamusancina, cewa ranar da ba aiki ina zagaya gidajen 'yan uwa, suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, dubiya a asibitin Shika, bayan la'asar kuma majalisa. Ta yi murmushi ta ce ai kowa yana da dangi, wannan ba abin rubutawa ba ne. Wallahi maganar nan ta tsaya mun. Ni da a unguwarmu in ana lissafin yaran kirki da wannan ake fara yabona, Inna har cewa take ƙafata ta fi ta kowa albarka a gidan, yau an ce bai kai ya shiga layi ɗaya a takarda ba. Na ce to ƙwallo. Ta ce bugawa kake ko kallo, na ce kallo, ta ce a'a, kuma ko da wasa kar in rubuta sunan kulob a yankin nan don ban san ko mai kamfanin ɗan Schalke ne ko ɗan Dortmund ba. Su abin da suke so shi ne a ga kana cikin wata ƙungiya mai rajista, ta wasanni ko ta 'yan kwana-kwana na sa kai ko ta masu lambu, mai kati da kuɗin wata.

Don dai in rabu da ita na ce da ina kiwon tattabaru. Sai matar nan ta gyara zama! Ashe yankin nan na Ruhr gidan tattabara ne. Masu haƙar kwal na da, kafin a rufe mahaƙa ta ƙarshe a Bottrop a 2018, a saman rufin gidajensu suke kiwonsu, ana sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a loda su a mota a kai su ɗaruruwan kilomita a sake su, wadda ta riga dawowa gida ita ta ci. Dokin sukuwar talaka suke ce mata. Har asibitin tattabaru akwai a cikin Essen ɗin nan, asibiti guda fa, da likitoci. Ta rubuta da hannunta, ni kuma ina kallonta kawai.

Ranar intabiyu a wani ƙaramin kamfanin wuta, mai wajen tsoho ne, da wata yarinya ta ofis a gefensa tana rubutu. Tambaya biyu ya yi mun kan aiki sai idonsa ya sauka ƙasan takardar. Shikenan aka bar maganar wuta. Kakansa mahaƙin kwal ne, shi ma har yanzu yana da su a bayan gida. Na ba shi labarin nawa, yadda na jera tukwane da tsofaffin garewani a jikin katanga, yadda nake gane wadda za ta yi ƙwai, yadda tawa take fita ta janyo ta maƙwabta a yi ta rigima. Tsohon nan har buga tebur yake don dariya, ni ma tun da na zo ƙasar ban taɓa jin Jamusanci yana fita bakina haka ba. Sai ya ce to 'ya'yan fa, in sun yi yawa ya kake yi da su? Na ce ai 'yan shila farfesu muke yi, ba abin da ya kai su daɗi, musamman ga mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo.

Wajen ya yi tsit. Yarinyar ta sa hannu ta rufe baki.

To ni har gobe ban ga abin kunya a nan ba. Mutanen da suke shafa ɗanyen naman alade a kan burodi da albasa su ci da safe, su ne za su yi mun kallon mugu don na yanka abin da na kiwata da dawar gidanmu? Aikin dai an ba ni, gwajin wata shida, alhamdulillahi. Amma yarinyar nan ta baza labarin, yanzu duk lokacin hutu in na buɗe kular abincina sai wani ya leƙo ya yi kukan tattabara, gurrr gurrr, sauran su kwashe da dariya. Sun ce wasa ne. Na san wasa, mu ma muna da abokan wasa, amma wasa ai da wanda zai iya ramawa ake yi, ni kafin in haɗa jimlar ramuwa a kaina hutun ya ƙare. Aiki kuwa ba wanda ya kama ƙafata a cikinsu, allon fis ɗin da suke yi su biyu ni kaɗai nake gama shi, tsohon ma ya sani, shi ya sa wata Lahadi ya kai ni gidansa na ga nasa. Da na riƙe ɗaya a hannu sai da na juya baya don kar ya ga idona. Na dawo ɗaki, gari shiru kamar kullum ranar Lahadi, shaguna a rufe, ba ƙofar da zan ƙwanƙwasa. A baranda an hana ajiye su, na kan titi ma in ka watsa musu hatsi tara ce.

Daren na kira gida don in ba Baba labari, shi da ya sha zane ni da dorina a kansu, wai suna cinye masa dawa suna hana ni zuwa makarantar allo, wai mai tattabara ba ya zama mutum. Na ce Baba ka san su suka sama mun aiki? Na ƙara masa da cewa a 2020 an sayar da wata guda ɗaya a Beljiyam yuro miliyan 1.6. Ya yi shiru, sannan ya ce "To ka je har Turai ma tattabarar ce dai?" Inna tana dariya a bayansa. Na ce a ba ni Auta in ji lafiyar nawa, nan aka fara kame-kame, wai ya fita, wai ba sabis. Yaya ce ta fasa ƙwan washegari: tun bara Auta ya kwashe su kaf ya sayar ya sayi waya, har da farar nan mai gashi a ƙafa da na ce ko nawa aka taya kar a bayar, kuma duk gidan sun sani, Inna ce ta ce kar a gaya mun. Kuɗin dawarsu da nake turowa duk wata daban da na cefane kuwa bai taɓa fasa karɓa ba.

Jiya Auta ya turo mun saƙon murya, ba haƙuri ba komai, wai Yaya don Allah gilashin wayar ya fashe. Ban amsa ba tukuna. Inna ta kira sau biyu, na san maganar da za ta yi, ƙaninka ne, kuma kuɗin takin Baba ma ba a turo ba.