Babban harafi a takardun Amurka

Mu da muka yi karatu a Jamhuriyar Nijar, da ƙa'idar Faransanci muka tashi. A can sunan harshe da ƙaramin harafi ake rubuta shi, haka ma kalmar da ke siffanta abu da ƙasarsa. Da na sauka Amurka na shiga ajin Turanci na yamma, sai na tarar da wata ƙa'ida dabam. Sunan ƙasa ne, ko na ƙabila, ko harshe, ko addini, a ko'ina ya faɗo cikin jimla da babban harafi zai fara: Nigerien, Hausa, Tuareg, Muslim. Malamarmu da jan biro take zagaye duk ƙaramin harafin da ya zauna a mazaunin babba, ta ce wannan sunan mutane ne, ba a rage masa tsawo.

Wannan mai sauƙi ne, cikin ɗan lokaci hannu ya saba. Inda na daɗe ina tunani shi ne kalmar Black. A gida ban taɓa kiran kaina baƙar fata ba, Bahaushe nake. A nan kuwa asibiti, wurin aiki, makarantar yara, kowace takarda da gurbin launin fata. Daga baya na fahimci cewa babban harafin da ake fara Black da shi, da gwagwarmaya aka same shi. W.E.B. Du Bois, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, ya yi ta rubuta wa jaridu wasiƙu a kan su girmama harafin farko na Negro, sunan da ake kiran baƙaƙen Amurka da shi a lokacin, har jaridar New York Times ta amince a 1930. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sanda, kamfanin dillancin labarai na AP ya koma rubuta Black da babban harafi, amma ya bar white, wato farar fata, da ƙarami. Jaridar Washington Post kuwa duka biyun ta girmama. Har yau ba a daina gardama a kai ba.

Ni dai da babba nake rubuta Black, don waɗanda suka sha wuya kafin zuwanmu sun cancanci haka. Sai dai ba na yarda kalmar ta haɗiye asalina. Takardar ƙidayar 2020 ta bar fili ƙarƙashin gurbin baƙar fata don mutum ya faɗi tushensa. 'Yata tana riƙe da biro ta ce, "Baba, me zan sa?" Na ce ta rubuta Nigerien, ta bi shi da Hausa, ta kuma kula kada a karanta shi Nigerian.