Ku narkar da leda ɗaya kafin ku biya kuɗin jatan lande

Ƙannena, ku da kuke kallon bidiyon masu kiwon jatan lande a waya kuna lissafin riba da yatsu, ku saurari yadda na yi da jarina.

Wani abokina mai dafa abinci a wani otel nan Damagaram ya ce min baƙi, musamman ƴan Sin, suna yawan tambayar jatan lande, ga shi ba mai kawowa. Ban shawarci kowa ba. Na sayar da babur ɗina da raguna biyu, na sayi firigo na hannu, na aika kuɗi Kano aka ɗoro min katan-katan na daskararre.

Ranar da na fara narkar da leda mai kilo ɗaya a cikin roba, na tsiyaye ruwan na mayar da sauran kan sikeli, jikina ya yi sanyi. Ashe ƙanƙarar da ake lulluɓe shi da ita don kada ya bushe, ita ma da kuɗin nama na saye ta. Lambobin da ke jikin katan kuwa, irin su 30/40, ban ko dube su ba. Yawan ƙwayoyin da ke cikin kilo ke nan, kuma duk sa'ad da lambar ta ragu, jatan ya fi girma, ya fi tsada. Ƙanana aka ba ni a farashin manya.

Dillalin ya rantse min kamun teku ne. Abokina ya zube su a faranti, ya ga duk kansu ɗaya kamar an auna, ya juya katan ɗin ya nuna min sunan Indiya a rubuce. Na kiwo ne. Na teku yakan fi kuɗi, domin jirgin da ke jan koma a ƙasan ruwa mai yake sha ba kaɗan ba, kuma komar takan kwaso tarkacen kifin da ya ninka jatan ɗin nauyi. Yau fiye da rabin jatan landen da duniya ke ci daga tafkunan kiwo yake fitowa.

Har na yi mafarkin gina tafkin siminti in yi kiwon da kaina. Allah ya taimake ni kuɗin suka ƙare. Abincinsa kaɗai kan cinye kusan rabin abin da mai kiwo ke kashewa, ruwan yana son gishiri, injin hura iska kuma ba ya hutawa dare da rana. Ga cuta. A 1999 ciwon farin tabo, mai kashe jatan lande, ya durƙusar da masu kiwo a ƙasar Ekwado, a 2013 wata cutar ta kusa raba jatan da masu kiwo a ƙasar Tailan ke samu gida biyu. Waɗannan fa mutanen bakin teku ne. Mu da muke jera jarkoki a bakin famfo da bazara, da wane ruwa? Ekwadon nan ta farfaɗo har ta fitar da sama da tan miliyan 1 a 2022, farashi ya faɗi a 2023. Irinsu ne ke yanka farashi, mu sai dai mu ji labari.

Ƙarshen kayana a watan Afrilu ya zo. Wuta ta ɗauke kwana biyu, ba ni da injin wuta. Da na ɗaga murfin firigo, kawunan sun yi baƙi, warin ya kori yara daga tsakar gida. Bayan gari na kai su na binne.

Yanzu busasshen kirefish nake sarowa, ƙananan jatan da masunta ke kamawa wajen Oron a kudancin Najeriya. Ba ya neman firigo, matan Yarbawa da Inyamurai da ƴan Togo mazauna garin nan kuma suna saye gwangwani-gwangwani a kasuwar Dole. In har daskararren ne ya shiga ranku, ku fara samun masu saye uku da suka ba da kafin alƙalami, ku tanadi injin wuta da mansa, sannan ku narkar da leda ɗaya a gaban dillali ku auna.