Yinin da na yi a kufan Vaux-de-Cernay

Da raini na tafi, ba zan ɓoye ba. Malaminmu na zane ya ce in je Vaux-de-Cernay, kusa da Paris a ƙasar Faransa, in ga inda Charlotte de Rothschild, mai zane da fentin ruwa, ta zauna, ni kuwa a raina na ce ai 'yar masu banki ce, kuɗin gidansu ne ya saya mata suna. Mahaifinta James shi ya kafa reshen Paris na bankin Rothschild, dangin Yahudawan nan da gwamnatocin Turai suka riƙa rance a hannunsu. Mijinta Nathaniel ɗan baffanta ne, haifaffen Landan. Auren zumunci irin namu, a 1842.

Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1873, ta sayi kufan wannan gidan ibada na sufayen Kirista, wanda aka kafa tun 1118. Ba ta sake gina majami'ar ba, tokare bangon ta sa aka yi, aka bar shi ba rufi. Gaban wannan bango mai ƙatuwar taga zagayayya na zauna da fentin ruwa, irin wanda ta riƙa baje kolinsa a Paris.

Takarda mai arha na saya, don tsimi. Ina shafa shuɗin sama ta kumbura ta yi tudu da kwari, ruwan ya taru a kwarin ya bushe da baki-baki kamar tabon shayi. Na biyu kuma gaggawa ta ci ni: na sa launin dutse kafin saman ya sha iska, sai ya malala cikin tagar, ta koma kamar idon mai ciwo. Sai a na uku na gane cewa a fentin ruwa ba a shafa fari, barinsa ake yi. Hasken da ke ratsa tagar farin takardar ne da kansa, in ka taɓa shi ya tafi ke nan. Daga mai haske ake farawa, duhu ya zo a ƙarshe, tsakaninsu kuma sai zaman jira.

Kuɗi sun saya mata takarda mai kauri da malamai da tafiye-tafiye Italiya, wannan ban janye ba. Amma jiran nan da buroshi a hannu, ita ta yi abinta.

Na huɗu ban gama shi ba, yayyafi ya sauko, na tura shi cikin riga na ruga gindin bango.