Jakunan hanyar Tawa

Da asuba muka bar tashar Yamai, ni da Baba, dattijon majami'armu, za mu Tawa gaisuwar rasuwa. Doso ta wuce ina gyangyaɗi. A Dogondutsi wani saurayi da ke bayanmu ya hango Littafi Mai Tsarki a cinyar Baba, ya leƙo ya ce nan fa ƙasar Azna ce, Lugu ta Sarauniya Mangu ba nisa, matsafa ne, wuta kawai ke jiransu. Baba ya ce, "Ɗana, alƙalin bai ara maka kujerarsa ba tukuna." Yaron bai sake tankawa ba har Ƙonni.

Bayan Tsarnawa, inda hanya ke karkata arewa ta shiga Adar, muka cim ma ayarin jakuna, kowane an labta masa itace, kunnuwa kaɗai ake gani. Ɗaya ya durƙushe a bakin kwalta, yaro na ta zuba masa sanda. Baba ya buɗe Ishaya sura 46 ya miƙo mini. Annabin na kallon Bel da Nebo, gumakan Babila, an ɗora su kan dabbobin da suka gaji, ba su iya ceton ko kansu ba, an kora su bauta. Babila kuwa ta faɗa hannun Sairus na Farisa a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Hukuncin da ke wurin ya fi aradu ban tsoro a ganina, wai abin da ka dogara da shi ya koma kaya a wuyanka ranar gudu. A ayoyin da ke biye sai Ubangiji ya ce shi ya ɗauki Isra'ila tun daga ciki, shi zai ɗauke su har furfura, ya cece su.

Na ce, "Baba, to mu da ba mu sassaƙa komi ba fa?" Ya ce in duba abin da nakan farka tsakar dare in laluba ko yana nan.

Da la'asar muka shiga Tawa, ƙura har cikin haƙora. Mamacin ɗan ci-rani ne a Abijan, shi ke ciyar da gidan. Mahaifiyarsa na zaune a tabarma, ta riƙe hannun Baba ta ce, "Yaya, wa zai ɗauki nauyina yanzu?" Baba bai yi mata wa'azi ba. Ya karanta mata aya ta 4 a hankali, ya yi addu'a, sannan ya fita waje da dattawa su tsara wanda zai riƙa kawo mata hatsi kowane wata.