Tsibirin da nake hangowa a hanyar LaGuardia

Shekara da shekaru ina jan tasi a New York, duk sanda na ɗauki fasinja zuwa filin jirgin LaGuardia sai na hango tsibirin nan a tsakiyar ruwa, waya mai ƙaya ta zagaye shi, jirage na tashi ta kansa kamar za su kwashe rufin. Na san sunansa Rikers, na san gidan yari ne, iyakar sanina kenan kuma ban taɓa damuwa ba, a raina tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ran Lahadi bayan la'asar liman ya ce kar a watse, wasu yara za su yi magana a ɗakin ƙasan masallacinmu na Bronx, inda muke buɗa baki da azumi. Ni gaskiya shayi ne ya zaunar da ni. Wadda ta tashi 'yar wani abokinmu ce mutumin Nijar, a nan aka haife ta, Hausarta duk a karye amma ba ta jin kunyar yi. Ta ce su fafutukarsu a rufe gidajen yari gaba ɗaya, 'yan sanda ma a rusa su. Wani Alhaji ɗan Kumasi mai shagon kayan abincin gida, carbinsa ya tsaya cak, ya ce "'Yata, in ɓarawo ya fasa min shago cikin dare wa zan kira, ke?" Aka kwashe da dariya, har da ni.

Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce Baba bari in ba ka labarin wani yaro ɗan Bronx ɗin nan tukuna. Kalief Browder. A 2010 aka kama shi yana da shekara 16, wai ya saci jakar goyo. Alƙali ya yanka beli dala 3,000, gidansu ba su da shi. Shekara uku yaron nan ya yi a Rikers ba a yi shari'ar ba, yau a ɗaga gobe a ɗaga, kusan shekara biyu a ciki shi kaɗai aka kulle a ɗaki. An ce masa ya amsa laifi a sake shi ya tafi gida ya ce shi bai yi ba ba zai amsa ba. A 2013 aka janye ƙarar, shikenan, wai ya tafi. Ya fito amma kansa bai dawo daidai ba, a 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Daga baya birnin ya biya iyalinsa dala miliyan 3.3.

Ɗakin ya yi tsit. Ni na taɓa jin sunan a rediyon mota amma wallahi ban san jaka ce ba, jakar goyo fa irin ta 'yan makaranta.

Abun da ya fi tsaya min shi ne da ta ce mafi yawan waɗanda ke tsibirin ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Nan take na tuna gida Najeriya, can ma ai masu jiran shari'a su suka cika gidajen yari, duk da a 2019 an canza suna an koma gidan gyaran hali. Bambancin kawai a gida an rubuta beli kyauta ne a bangon caji ofis kowa ya karanta ya yi murmushi, a nan kuwa ba ɓoye-ɓoye, alƙali ne zai faɗi farashin a gaban kowa. Kuma lissafin da mai binciken kuɗin birnin ya fitar a 2021 ya nuna ana kashe sama da dala 556,000 a shekara kan mutum ɗaya da ke tsare. Na yi lissafin dare nawa zan kwana a kan sitiyari kafin in ga wannan kuɗin, na bari kawai.

Su ma masu fafutukar ashe ba bakinsu ɗaya ba. Gangamin a rufe Rikers ya kankama a 2016, waɗanda suka taɓa zama a ciki ne a gaba, a watan Oktoban 2019 majalisar birni ta amince a rufe a gina ƙanana guda huɗu a Manhattan, Brooklyn, Queens da Bronx, namu a unguwar Mott Haven. Wasu suka ce nasara ce, ko ba komai uwa ba za ta sha doguwar hanya ta hau bas ɗin Q100 ta tsallaka gada don ganin ɗanta ba. Su yarinyar nan suka ce ina, an sake wa tuwo suna ne, ɗakin da aka gina sai an cika shi. An sa 2027 a matsayin wa'adi, gine-ginen kuwa ba za su kammalu a lokacin ba, ana ta wannan ja-in-ja a 2022 kaɗai mutum 19 suka mutu a hannun hukumar gidajen yarin birnin.

Maganar rusa 'yan sanda ce har yanzu ban haɗiye ba. An taɓa ɗora min wuƙa a wuya cikin mota wajen ƙarfe uku na dare, da na tsira 911 na kira ba ƙungiya ba, kuma da na hango fitilarsu sai da na yi hamdala. Amma kuma duk ɗan Afirka ta Yamma da ya daɗe a Bronx ya san Amadou Diallo ɗan Gini, harsashi 41 'yan sanda suka harba masa a ƙofar gidansu a 1999, walat ne a hannunsa, kotu kuma ta wanke 'yan sandan huɗu. Duka biyun suna raina, ba wanda ya kori wani. Da na faɗa mata haka sai ta ce Kawu ba cewa muke gobe da safe a kulle caji ofis ba, cewa muke mai taɓin hankali da ke ihu a titi likita yake buƙata ba mai bindiga ba, a rage kuɗin can a zuba a gidaje da asibiti da aikin yi. Na ce to mai wuƙata fa? Ta ce shi ma da an tare shi tun yana yaro. Wannan amsar ba ta ƙosar da ni ba, kuma na gaya mata.

Da za a tashi suka zagaya da kwali, wai asusun biyan beli ne na waɗanda ƙaramin kuɗi ya riƙe, kamar dai yadda masu hali ke biyan tarar fursunoni a gida in azumi ya zo. Alhaji ɗan Kumasi ya laluba aljihun jallabiya ya jefa dala ashirin ya ce "Wannan sadaka ce 'yata, ba wai na yarda da ke ba ne." Ta ce na gode Baba, wata mai zuwa ma za mu dawo. Ni goma na saka, sannan na rubuta lambata a takardar direbobin da za su riƙa kai iyaye mata tashar bas ɗin a Queens ranar ziyara, na dai ce musu ban da Juma'a.