Godiya ga duk wanda ya jure da ni a wannan kakar, Everton ta tsira daga faɗuwa daga Firimiya

Salamu alaikum jama'ar bes (majalisar hira) ɗinmu na unguwar Aboabo da duk 'yan uwa na zango. Alhamdulillahi jiya na yi barci irin wanda rabona da shi tun watan Janairu. Duk Kumasi kun san ni kaɗai ne mahaukacin da ke bin Everton, tun zamanin Yakubu da Yobo na kamu, to tunda Allah ya fid da mu dole in fito in yi godiya don wallahi na wahalar da mutane da yawa a kan abin da ba ruwansu.

Farko mai gidan kallonmu. Jiya Lahadi 28 ga Mayu 2023, ranar ƙarshe ta kakar, duk wasannin Firimiya lokaci ɗaya aka buga su, yaran Arsenal da na Man U da na Chelsea kowa na son a sa nashi, amma bawan Allahn nan ya ware min ƙaramar talabijin ta kusa da ƙofa ya sa Everton da Bournemouth, ni da benci ɗaya da wani yaro da bai ma san me ake ba. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, sidi biyar ɗin da kake bina ban manta ba.

Wanda bai bi kakar ba bai san abin da muka gani ba. An sayar da Richarlison, a Janairu aka sayar da Gordon wa Newcastle kuma ko mutum ɗaya ba a sayo ba, Calvert-Lewin kullum yana jinya. Aka kori Lampard aka kawo Sean Dyche, wasansa na farko muka ci Arsenal 1-0 da kan Tarkowski na ce shi kenan an gama, ashe da sauran rina a kaba. A Fabrairun nan kuma aka yi mana rasuwar Christian Atsu a girgizar ƙasar Turkiyya, ɗanmu ne na Ghana kuma ya taɓa sa rigar Everton, ranar ƙwallo ma fita raina ta yi. Newcastle suka zo har filinmu na Goodison suka zuba mana 4-1, daren nan ko tuwo ban taɓa ba. Sai ga mu mun ci Brighton 5-1 a gidansu wanda har yau ban gane yadda aka yi ba, sai Yerry Mina ya farke mana a Wolves a minti na 99.

To jiya. Ina idar da la'asar na zo na zauna, ba ɗan gaba na gaske, Demarai Gray aka tura gaba. Can wani ƙanena ɗan Liverpool ya leƙo da waya a hannu yana dariya wai yaya Leicester ta zura wa West Ham ƙwallo. Lissafin a fili yake, in aka tashi a haka Leicester za ta haye kanmu, mu ne za mu nitse, ƙungiyar da ba ta bar rukunin farko ba tun 1954. Hutun rabin lokaci mai shayi ya miƙo min kofi na riƙe har ya huce ban kurɓa ba. Minti na 57 ƙwallo ta faɗo wa Doucouré a bakin da'ira ya ɗauke ta da ƙarfi sai raga, mutumin da Lampard ya ajiye gefe fa! Shayin nan a wandon wani dattijo ya ƙare. Baba ka yafe min, na ga ka yi dariya amma na san ka ji haushi. Daga nan alƙali ya ƙara minti 10, a tsaye na yi su ina salati, golanmu Pickford ya ture wata da na riga na runtse ido. Maki 36, na 17 a tebur, Leicester da Leeds suka bi Southampton.

Uwargida, ke ce kika fi kowa shan wahala, duk ranar da aka ci mu sai gida ya yi tsit yara su shige ɗaki. Na gode da haƙuri, atamfar da na yi alkawari in mun tsira tana nan zuwa kafin babbar sallah.

Masu tsokana kuwa, musamman wanda ya turo min jadawalin Championship, gasar rukuni na biyu, tun watan Afrilu wai in fara haddace sunayen garuruwa, kai ma na gode, amma na ajiye saƙon. 'Yan Chelsea ku kam kar in ji bakinku, na 12 kuka ƙare da duk kuɗin nan.

Saura ƙungiyar King Faisal ɗinmu ta Kumasi da ke can ƙasan teburin gasar Ghana suna fama a wannan kakar ta 2022/23, ku taya mai ƙungiyar, Alhaji Grusah, da addu'a. Yau bayan isha'i shayi da burodi da ƙwai a bes a kaina ne, amma mutum goma na farko kawai.