Borin kunya a zaman sulhun ma'aurata

Akwai lokacin da zaman sasanci ke ƙwacewa daga hannun mai sulhu. An ce wa miji, "Malam, maiɗakinka ta ce wata uku ke nan ba ka ba da kuɗin cefane ba." Maimakon ya amsa, sai ya ce, "Ita fa? Ku tambaye ta inda ta je ranar Laraba ba da iznina ba." Shi ke nan an bar maganar cefane an koma tone-tone. Wannan shi ne borin kunya. Sau da yawa mai yin sa ya san abin da aka faɗa gaskiya ne, fuskarsa kawai yake karewa, don an zaunar da shi gaban surukinsa da liman da mai unguwa ana lissafa gazawarsa.

Shi ya sa rabin aikin tun kafin a shimfiɗa tabarma ake yin sa. A Suratun Nisa'i aya ta 35 an ce a naɗa mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Mutum biyu ke nan, ba gayya ba. Idan aka haɗa da ma'auratan da mai jagorantar zaman, mutum biyar sun isa. Ƙannen miji da ƙawayen mata da abokiyar zama su jira a waje, domin duk ɗan kallon da aka ƙara, amsa laifi ƙara tsada yake yi. Zauren da ke kallon titi ma bai dace ba.

Kafin a haɗa su, a ga kowa shi kaɗai na minti ashirin ko talatin. Tambaya mafi amfani a nan ita ce, "Wace magana ce ba ka so a yi gaban surukinka?" A nan ake jin cewa kasuwa ce ta karye, ko bashi ya yi masa katutu, ko wata lalura ce da ba ta faɗuwa a taro. Wanda ya samu rufin asiri a keɓe ba ya shigowa zaman da shirin yaƙi.

Wurin zama ma magana ce. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi da ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa. Idan ɗaya na kan kujera ɗaya na ƙasa, an yanke hukunci tun ba a buɗe baki ba. Kada kuma a sa su fuskanci juna, kowa ya fuskanci mai sulhu. Mai ƙorafi ya fara, minti goma, amma tun farko a ce wa ɗayan, "Za ka ji abin da ba ka yarda da shi ba. Ka riƙe, kai ma za a ba ka minti gomanka ba mai katse ka."

Sai harshen mai sulhu, inda aka fi yin ɓarna. "Don me ka yi haka?" titsiye ne, amsarsa kuwa kame-kame. "Yaya aka yi har abin ya kai haka?" tana buɗe ƙofar bayani. Kalmomin "kullum" da "bai taɓa" su ne fetur, don da zarar an ce "bai taɓa saya min ko atamfa ba", zai tuno wadda ya saya a Sallar bara, ya kafe a kanta, ainihin kukan ya ɓace. Aikin mai sulhu shi ne ya tace maganar ya maido ta ba ƙaya. Idan ta ce marowaci ne, sai a ce, "Hajiya, abin da na fahimta, kina so a tsayar da adadin kuɗin cefane da ranar da za a riƙa bayarwa. Haka ne?" Ba wanda zai amsa sunan marowaci, amma adadi da rana abu ne da ake iya ciniki a kai.

Idan ya jefo nasa zargin, kada a tsawata masa, kada kuma a bi shi. A rubuta a gabansa, a ce, "Maganar fitar Laraba na riƙe ta, ita ce ta biyu. Mu gama ta farko." Kuma lallai a dawo kanta. In aka manta, ya tabbatar da zargin da ya shigo da shi cewa an haɗa masa baki.

Ba kowane kare kai ke zuwa da kumfar baki ba. Macen da ta sunkuyar da kai tana cewa "ba komai, duk yadda kuka yanke" ba lallai ta gamsu ba. Wataƙila kunyar waliyyinta take ji, wataƙila tsoron abin da zai biyo baya a gida. A haɗa ta da dattijuwa mace su keɓe, kamar yadda ake samun ma'aikata mata a ofisoshin Hisbar Kano. Idan kuwa duka ne ko barazana, to a daina maganar haɗa su wuri ɗaya, wannan ya wuce borin kunya, sai hukuma ko kotu.

Abu biyu ne ke sa a tsayar da zama nan take: rantsuwa da ƙamshin kalmar saki. Wanda ya ce "wallahi ba zan ƙara ko sisi ba" ya ɗaure kansa, ja da baya ya zama kaffara da kunya a haɗe. Da an ji murya ta fara hawa, a ba da hutun kwata, a sha ruwa, mai buƙata ya yi alwala. Hadisin da ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi ya shafi mai sulhu shi ma, wanda in an gaya masa baƙar magana yakan koma ɓangare na uku a rigimar. Dogon wa'azi a daidai wannan lokaci ba ya shiga, wanda ake yi wa yana jin sa ne a matsayin hukunci.

Kada a matsa wa kowa ya ce "na yi laifi, a yafe min". Abin da ake nema shi ne na gaba: nawa ne, wace rana, wa za a kira idan an saɓa. A rubuta, kowa ya sa hannu, wakilan biyu su shaida, a sa ranar dawowa bayan mako biyu a ji yadda aka kwana.